TUDUN JAMES: YANKIN DA KE ƘARƘASHIN RUWA AMMA ANA RIGIMA A KANSA

Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalina zuwa ga rubuta wannan muƙala wani kuskure ne da na tafka a ajin darasin fassara. Wata rana malaminmu ya raba mana wani guntun labarin ƙasashen waje domin mu mayar da shi Hausa, a ciki kuwa akwai sunan wani wuri da ake kira James Shoal a Tekun Kudancin Sin. Ni da ganin ana maganar ƙasashe suna jayayya a kan wurin, ban tsaya wata-wata ba na rubuta “Tsibirin James”. Da malam ya zo kan takardata sai ya tambaye ni ko na san mutum nawa ne ke zaune a wannan tsibiri nawa. Na ce ban sani ba. Ya ce to in je in bincika, in dawo in gaya wa aji.

Da na bincika sai na tarar babu wani tsibiri a wurin ko kaɗan. Abin da ke akwai tudun yashi ne a ƙarƙashin teku, wanda ruwa ya rufe shi da zurfin kimanin mita 22. Abin da ya fi ba ni mamaki kuma shi ne, irin kuskuren da na yi an taɓa yin sa a wani kwamitin gwamnati shekaru kusan 90 da suka wuce, kuma masana da dama na ganin yana cikin tushen rigimar. Saboda haka na ga ya dace in kawo wa ’yan uwana bayanin inda wannan tudu yake, da masu da’awar mallakarsa, da abin da dokar teku ta ce, da kuma darasin da ke ciki gare mu.

Ina Tudun Yake?

Tekun Kudancin Sin babban ruwa ne mai faɗin kimanin murabba’in kilomita miliyan 3 da rabi. Ƙasashen da ke kewaye da shi sun haɗa da Sin da Biyetnam da Filifin da Malesiya da Burunai da Indonesiya, sai kuma tsibirin Taiwan. Can ƙarshen kudancin wannan teku, daura da jihar Sarawak ta Malesiya da ke tsibirin Borniyo, nan tudun James yake. Tsakaninsa da gaɓar Sarawak, wajen garin Bintulu, kimanin kilomita 80 ne, wato kamar tafiya daga Kaduna zuwa Zariya. Tsakaninsa da babban yankin ƙasar Sin kuwa kimanin kilomita 1,800 ne, wanda ya fi nisan Legas zuwa Maiduguri.

Domin mai karatu ya gane zurfin mita 22, ya ƙaddara an gina bene mai hawa bakwai a kan tudun, to da ƙyar rufinsa zai leƙo saman ruwa. Jirgin ruwa na iya wucewa ta kansa ba tare da matuƙin ya ga komai ba sai ruwa. Ba a taɓa kafa tuta a kansa ba, ba a taɓa shanya taru a kansa ba, kuma ko tsuntsu bai taɓa samun wurin sauka ba.

Duk da haka wurin yana da suna har uku. Turawan Ingila da suka zana taswirorin tekun sun kira shi James Shoal. Mutanen Malesiya suna ce masa Beting Serupai. Sinawa kuma suna kiran sa Zengmu Ansha. Ɓangarori uku ne ke da’awa a kansa: Malesiya, da Jamhuriyar Jama’ar Sin, da kuma gwamnatin Taiwan, wadda ta gaji da’awar daga tsohuwar gwamnatin Sin ta kafin 1949. A makarantun ƙasar Sin ana koya wa yara cewa wannan wuri shi ne iyakar ƙasarsu ta kudu, kamar yadda aka koya mana a firamare cewa Tekun Atlantika ne iyakar Nijeriya ta kudu.

Abin Da Dokar Teku Ta Tanada

Kafin mu shiga hujjojin kowa, wajibi ne mu san ma’aunin da ake auna su da shi. Ma’aunin shi ne Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka rattaba wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika a watan Disamba na 1982, ta kuma fara aiki a watan Nuwamba na 1994. Nijeriya ta amince da ita a 1986, Sin da Malesiya kuwa dukkansu sun amince da ita a 1996.

Yarjejeniyar ta kasa ruwan da ke gaban kowace ƙasa kashi-kashi, ana aunawa daga gaɓa da mil na teku, wanda kowane ɗaya mita 1,852 ne. Kashi na farko shi ne mil 12 daga gaɓa. Wannan ruwan ƙasa ne, ikonta a kansa kamar ikonta ne a kan tudu, illa dai jiragen wasu ƙasashe suna da damar wucewa cikin lumana. Kashi na biyu ya kai mil 200, shi ne yankin tattalin arziki na keɓe. A nan kifin da ke ruwan da man fetur da iskar gas da ke ƙarƙashinsa na ƙasar ne ita kaɗai, amma ba ta da ikon hana jiragen duniya zirga-zirga. Kashi na uku shi ne doron ƙasar da ya miƙe daga gaɓa ya nutse a ƙarƙashin teku, wanda a wasu wurare ƙasa na iya neman a ƙara mata shi fiye da mil 200 idan ta kawo hujjar kimiyya.

Duk waɗannan ma’aunai daga tudu suke farawa. Masana shari’a suna taƙaita wannan ƙa’ida da cewa tudu ne ke mulkin teku, kuma Kotun Duniya ta faɗi hakan tun a hukuncinta na 1969 kan Tekun Arewa. Ma’ana, sai kana da busasshiyar ƙasa sannan za ka sami ruwan da ke gabanta. Wannan ne ya sa yarjejeniyar ta yi taka-tsantsan wajen bayyana abin da ake kira tudu a tsakiyar teku, har ta raba shi gida-gida.

Na farko shi ne cikakken tsibiri, wato ƙasar da Allah ya halitta, ruwa ya kewaye ta, kuma tana nan a sama ko da teku ta cika ta tumbatsa. Irin wannan yana samun mil 12 da mil 200 duka. Na biyu shi ne dutse ko tsibirin da mutane ba za su iya rayuwa a kansa da abin da ke cikinsa ba. Sashe na 121 ya ce wannan mil 12 kawai zai samu. Na uku shi ne tudun da ke fitowa idan ruwa ya janye, ya kuma nutse idan ruwa ya dawo. Duk wanda ya taɓa tsallaka gadar Neja a wajen Lokoja ya ga kwatankwacinsa, domin da rani tudun rairayi kan fito a tsakiyar kogi, da damina kuwa sai a neme shi a rasa. Bambancin kawai shi ne a teku wannan cika da janyewa a kullum ake yin su. Sashe na 13 ya ce irin wannan tudu ba shi da ruwan kansa, sai dai idan yana cikin mil 12 daga wata busasshiyar ƙasa a yi amfani da shi wajen fara awo.

Na huɗu shi ne wanda ba ya fitowa ko da yaushe, kuma nan tudun James ya faɗo. A idon doka wannan ɓangare ne na ƙasan teku kawai. Ba a mallakar sa kamar yadda ake mallakar tsibiri, kuma ba ya haifar da ko mil ɗaya na ruwan ƙasa. Wanda yankin tattalin arzikinsa ya rufe wurin, shi ke da haƙƙin albarkatun da ke ciki.

Domin a ga yadda ’yan taƙi kaɗan ke sauya hukunci, ga misali daga ƙasashen Larabawa. A shari’ar Katar da Bahrain ta 2001, Kotun Duniya ta duba wani ɗan wuri mai suna Ƙit’at Jaradah, wanda idan teku ta cika abin da ke saura a sama bai wuce tsawon mita 12 da faɗin mita 4 ba, tsayinsa kuma bai kai rabin mita ba. Kotu ta ce wannan tsibiri ne, ta ba Bahrain. Wani wurin kusa da shi mai suna Fasht ad-Dibal, da yake yana nutsewa idan ruwa ya cika, sai ya bi ruwan Katar da yake ciki. To idan rabin mita a sama ya isa a kira wuri tsibiri, mita 22 a ƙasa ba ya buƙatar dogon bayani.

Yadda Da’awar Sin Ta Samo Asali

A shekarun 1930 gwamnatin Sin ta wancan lokaci ta kafa kwamitin duba taswirorin tudu da ruwa. A 1935 kwamitin ya fitar da jerin sunaye 132 na tsibirai da duwatsu da tuddan Tekun Kudancin Sin. Wani ɗan jarida kuma manazarci ɗan Ingila, Bill Hayton, wanda ya wallafa littafi kan wannan teku a 2014, ya nuna cewa akasarin sunayen an ɗebo su ne daga taswirorin Turawan Ingila, aka fassara wasu, aka kuma kwaikwayi lafazin wasu. Kalmar Zengmu kwaikwayon lafazin James ce. Kalmar shoal kuwa, wadda ke nufin wurin da teku ba ta da zurfi, sai aka fassara ta da “tan”, wadda a Sinanci kan ba da ma’anar tudun yashi na bakin ruwa. A ganin Hayton, daga nan ne wurin da ke ƙarƙashin ruwa ya zama busasshiyar ƙasa a kan takarda.

A 1936 wani malamin labarin ƙasa mai suna Bai Meichu ya buga taswira, ya ja layi mai kama da bakin ƙwarya wanda ya kewaye kusan dukkan tekun, ya sauko kudu har tudun James. A 1947 gwamnati ta sake duba sunayen, ta sauya “tan” zuwa “ansha”, wato ɓoyayyen yashi, abin da ke nuna an gane cewa wurin a nutse yake. Sai dai gyaran suna bai taɓa layin ba. A wannan lokaci ne aka zana taswirar hukuma mai guntayen layuka 11. Bayan kafuwar gwamnatin Kwaminis an cire biyu a farkon shekarun 1950, saura 9, shi ne layin nan da ya yi suna. A watan Mayu na 2009, bayan Malesiya da Biyetnam sun miƙa takardar haɗin gwiwa ga Majalisar Ɗinkin Duniya kan doron ƙasarsu na ƙarƙashin teku, Sin ta aika da takardar ƙin amincewa haɗe da wannan taswira.

Adalci ne in kawo hujjar Sin kamar yadda take faɗar ta. Gwamnatin Beijin tana cewa masuntanta da matuƙan jiragenta sun daɗe suna kai-kawo a wannan teku tun ɗaruruwan shekaru, ana kuma yawan ambaton tafiye-tafiyen Zheng He, babban kwamandan jiragen ruwa na daular Ming, tsakanin 1405 da 1433. A ganinta wannan tarihi ya ba ta haƙƙin da ya girmi yarjejeniyar 1982. Masu sukar wannan hujja suna amsawa da cewa Malayawa da Larabawa da Indiyawa ma sun bi ta wannan teku, kuma wucewa ta wuri daban, mulkin sa daban.

Rantsuwa A Kan Ruwa

Da yake babu inda za a kafa tuta, sai aka ɓullo da wasu hanyoyin nuna iko. A 2010 wani jirgin sintirin teku na Sin ya jefa dutsen alamar mallaka a wurin, ya nutse. A watan Maris na 2013 ayarin jiragen yaƙin Sin guda huɗu ya isa tudun, sojoji suka jeru a kan jirgi suka yi rantsuwar kare ƙasarsu, kafafen labaran gwamnati kuma suka yaɗa hotunan. A watan Janairu na 2014 aka maimaita irin wannan biki da jirage uku.

A ranar 12 ga Yuli, 2016, wata kotun sasanci da aka kafa ƙarƙashin yarjejeniyar, wadda ta zauna a birnin Heg, ta yanke hukunci a ƙarar da Filifin ta kai Sin a 2013. Kotun ta ce babu tushen doka ga da’awar haƙƙin tarihi a cikin layin nan mai guntaye 9 matuƙar ya saɓa wa yarjejeniyar. Sin ta ƙi halartar zaman, ta kuma ce ba ta yarda da hukuncin ba. A lura cewa Malesiya ba ta cikin shari’ar, kuma ba tudun James aka kai ƙara a kansa ba, amma dalilan da kotun ta kafa sun ƙarfafa matsayin duk ƙasar da layin ya shiga yankinta.

Matsayin Malesiya

Hujjar Malesiya ba ta da sarƙaƙiya. Tudun yana kan doron ƙasar Sarawak, yana kuma cikin mil 200 daga gaɓarta. Ta sanya yankin a taswirarta ta 1979, ta kuma kafa dokar yankin tattalin arziki a 1984. Wani abin lura shi ne, tun da tudun yana da nisan kimanin mil 45 daga gaɓa, ya wuce mil 12 na ruwan ƙasa. Ke nan ita ma Malesiya abin da doka ta ba ta shi ne albarkatun wurin, ba ta da ikon hana jirgin kowa wucewa ta sama.

Masu iya magana na cewa ruwa ba ya tsami banza. Ƙarƙashin tekun da ke gaban Sarawak cike yake da iskar gas, musamman wajen tuddan Luconia da ke arewa da tudun James. A Bintulu akwai ɗaya daga cikin manyan masana’antun sarrafa iskar gas na duniya, wadda ta fara fitar da kaya a 1983, kuma kamfanin man ƙasar, Petronas, na cikin manyan masu samar wa gwamnati kuɗin shiga. Idan aka yarda cewa tudun James ƙasar Sin ce, to rijiyoyin da ke bayansa sun shiga cikin rigima ke nan. Ban da wannan ga kifi, ga kuma hanyar jiragen kasuwanci da ke haɗa Asiya ta Gabas da Turai da Afirka, wadda kayan da muke saye a kasuwannin Alaba da Kantin Kwari da yawansu ta nan suke biyowa.

Duk da haka Malesiya ba ta cika ɗaga murya ba. Dalili kuwa a fili yake: tun 2009 Sin ta zama babbar abokiyar cinikinta, ga kuma bambancin ƙarfin soja. Bahaushe ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Sai dai akwai lokutan da ta yi magana. A ƙarshen watan Mayu na 2021, da jiragen saman sojan Sin 16 suka doso sararin samaniyar Sarawak, ta tayar da jiragen yaƙinta, ta kuma nuna rashin amincewa ta hanyar diflomasiyya. A 2023 ta yi watsi da sabuwar taswirar da Sin ta fitar. A 2024, bayan wata jaridar Filifin ta fallasa wasiƙar da Sin ta aika tana neman a dakatar da haƙar mai da gas a yankin, Firayim Minista Anwar Ibrahim ya ce ƙasarsa za ta ci gaba da aiki a ruwanta. Wannan salo ya bambanta da na Filifin, wadda a 1999 ta kafe wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Sierra Madre a kan tudun Second Thomas ta zuba sojoji a ciki, abin da ya jawo arangama da jiragen tsaron gaɓar Sin, har wani sojan ruwanta ya rasa babban yatsa a watan Yuni na 2024.

Ina Ruwanmu?

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin Hausa da yashin da ke ƙarƙashin tekun Asiya? Amsata ita ce mu ma an taɓa yi mana hukunci da tsohuwar takarda. A ranar 10 ga Oktoba, 2002, Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi, ta dogara musamman da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Nijeriya ta kawo hujjar cewa ’yan ƙasarta ne ke zaune a wurin kuma ita ke gudanar da shi, amma rubutacciyar yarjejeniya ta rinjaya. Hukuncin ya shafi har ƙauyukan yankin Tafkin Chadi irin su Darak, inda masunta da ’yan kasuwa, ciki har da Hausawa, suka bi ruwa yayin da tafkin ke janyewa. An sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006, aka kammala miƙa Bakassi a watan Agusta na 2008. Abin ya yi ciwo, amma ba a koma fagen daga ba.

Akwai kuma wata hanyar da Nijeriya ta bi wadda ta cancanci a yi koyi da ita. Da yankin tekunta ya haɗu da na Sao Tome da Principe, ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniya a 2001 ta haƙar albarkatun wurin tare, Nijeriya na ɗaukar kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome na ɗaukar 40. Wato an ajiye gardamar iyaka a gefe, aka raba amfanin.

Kammalawa

A taƙaice, tudun James yashi ne a ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 22. Bisa yarjejeniyar da Sin da Malesiya suka amince da ita, ba a mallakar sa a matsayin ƙasa, kuma albarkatunsa na ƙasar da yankin tattalin arzikinta ya rufe shi ne. A fahimtata hujjar Malesiya ta fi ƙarfi a gaban doka. Amma abin da aka shafe shekaru ana koya wa yara a makaranta, har sojoji suka yi rantsuwa a kansa, da wuya wata gwamnati ta fito ta ce kuskure ne.

Ga mu masu nazarin harshe kuwa, shawarata ita ce kada mu raina kalma ɗaya a wajen fassara. Da yawanmu za mu yi aiki a gidajen rediyo da jaridu da kotuna da ofisoshin gwamnati, inda abin da muka rubuta da Hausa shi miliyoyin mutane za su ɗauka a matsayin gaskiya. Idan ka ci karo da kalmar da ba ka da tabbacin ma’anarta, ka duba ƙamus, ka tambayi masana fannin, idan kuma babu kalma ɗaya da ta dace a Hausa ka yi bayani da jimla. Ni dai da na koma aji na karanta wa ’yan uwana abin da na samo, na goge “Tsibirin James” na rubuta “tudun yashi na ƙarƙashin teku da ake kira James”. Malam ya ce ya yi tsawo, amma ya karɓa. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.